Gaisuwar da Gwaggo Sharifa Ta Riƙe

Ranar da aka kai Adam makwancinsa, mata sun cika gidansu na unguwar Jurf, amma ƙalilan ne suka leƙa ɗakin matarsa. Yayarsa Sharifa ta sa an shimfiɗa dardumai a benenta, ta kafa kujera a bakin matakala tana tarar baƙi. "Ku hawo sama, nan ake karɓar gaisuwa." Sai su hau, a zuba musu gahawa, a miƙa musu dabino, su yi wa Sharifa ta'aziyyar ƙaninta. In sun sauko su gifta ƙofar Kaltuma suna gyara abaya, kamar ba a nan aka yi rashin ba.

Suhaila, 'yar Adam tilo, tana zaune kusa da uwarta tana jin takun ƙafafu a bisa kansu. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta dai haddace fuskokin waɗanda suka wuce.

Laifin Kaltuma a wurin Sharifa ya girmi Suhaila. Ita 'yar Abeshe ce, iyayenta suka zo da ita aikin Hajji tana ƙarama suka zauna, har yau iƙama, takardar zaman baƙi, take sabuntawa. Su Sharifa kuwa tun kakansu suke Madina, takardar zama ɗan ƙasa a aljihu. Ba ta taɓa yafe wa ƙaninta wannan auren ba. Da motarsa ta kife a hanyar Badar da lodin dabino, sai ta samu inda za ta rataya abin: ai buƙatun matar nan ne suka hana shi hutu. Ana tsakiyar zaman makoki wata tsohuwa ta ce mata, "Sharifa, ki sauka ki gaishe ta mana. Ita ce fa mai takaba." Sharifa ta ɗaga murya yadda za a ji har ƙasa: "Wallahi tallahi, ƙafata ba za ta taka ɗakin matar nan ba."

Kaltuma ta ji. Carbinta ya tsaya kaɗan a hannunta, sannan ya ci gaba da tafiya.

Gidan ginin kaka ne, na baƙin dutse, bangonsa ya yi kaurin da sabis ɗin jawwal, wato wayar hannu, ke shiga da ƙyar. Da aka tayar da wani dogon bene a bayansa, ɗan abin da ke shiga ma ya ɗauke. Mai son kira sai ya taka har gaban baƙala, ɗan kantin da ke kan kwana. Shi ya sa Adam ya jawo intanet ta igiya. Farin akwatin kamfani yana manne a bangon falonsa na ƙasa, amma rautar da ke watsa wayifai sai ya hau da ita bene, don yayarsa ta ishe shi da mitar ba ya isowa ɗakinta. Ya huda bango ya zura doguwar igiya daga akwatin zuwa can. Su na ƙasa suka riƙa tsintar abin da ya gangaro ta matakala, yana kuwa isarsu.

Ana watsewa daga zaman makoki, jawwal ɗin Kaltuma ya yi tsit. Ba kira, ba saƙo. Suhaila ta tari Nadiya, 'yar Sharifa, a tsakar gida.

"An canza lambar wayifai ne?"

Nadiya ta fara amsawa da Larabci, idonta a ƙasa, sannan ta dawo Hausarta mai ɗingishi. "Ummi ce ta sa Tahir ya canza. Ta ce mai idda ba ta hira a jawwal. Aibu ne."

"A wane littafi?"

"Ni dai ban sani ba, ya Suhaila. Ki tambaye ta."

Ta hau. Ta iske gwaggonta a kishingiɗe, ɗanta Tahir yana matsa mata ƙafa.

"Gwaggo, 'yan'uwan Inna suna nemanta su yi mata gaisuwa."

"Allah ya ba su ladan niyya." Sharifa ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba karatun kwamfuta kika yi ba? Ubanki ya ƙarar da ƙarfinsa a kanki har kika ɗauko takardar shahada. To ki ƙera mata shabakar intanet da hannunki."

Tahir ya tuntsire da dariya. Suhaila ta dube shi har dariyar ta maƙale masa, ta ce, "To, Gwaggo." Ta sauko, bayanta a miƙe. Roƙo dai ba za a ji shi a bakinta ba.

Mai takaba ba ta fita ta tsaya a gaban baƙala. Don haka Suhaila ta zama ƙafar uwarta. Kaltuma ta ɗauki saƙon murya a ɗaki, ita kuma ta zura abaya ta fita da jawwal ɗin kan kwana, ta tsaya a ranar Madina mai dafa tafin ƙafa ta cikin takalmi, har saƙon ya tafi, na can su sauko. Ta dawo da muryoyin Abeshe a hannunta kamar mai ɗebo ruwa daga rijiya mai nisa. Kaltuma ta kunna, ta sake kunnawa, tana amsa wa mutanen da ba sa jin ta. "Amin. Amin, Allah ya saka." Daga taga Sharifa tana kallon shiga da fitar yarinyar. Suhaila ta san ana kallonta, shi ya sa ba ta taɓa share gumi ba sai ta shige ɗaki.

Wata safiya tana shara idonta ya sauka a kan farin akwatin. Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ramuka ne jere a gindinsa, ɗaya kaɗai aka toshe da igiyar da ta hau bene, sauran a buɗe. Ta san wannan tun tana ajin farko a kwaleji. Baƙin ciki ne ya rufe mata ido. Ta tono wata gajeriyar igiya a cikin kayan aikin babanta, ta haɗa akwatin da tsohuwar kwamfutarta. Shafi ya buɗe nan take.

Sai dai jawwal ba shi da ramin igiya, 'yan Abeshe kuma lambar Kaltuma suka sani. Tana iya sa kwamfutar ta watsa wayifai nata na kanta, amma sunansa zai bayyana a jawwal ɗin kowa a bene, kafin magariba Gwaggo ta sa a ɗauke akwatin ɗungurungum. Sai ta koma ga bulutut. Shi hannunsa gajere ne. Bai wuce faɗin ɗaki, ba ya keta bangon dutse, in an ɓoye shi kuma ba ya shelar kansa. Ta umarci kwamfutar ta raba abin da ke shigowa ta igiya ta wannan hanyar, ta kawo jawwal ɗin uwarta kusa. Lamba iri ɗaya ta fito a fuskokin biyu, kowanne yana tambaya ko an yarda.

"Inna, danna nan."

"Ba zai fashe ba ko?"

"In ya fashe ni zan share."

Kaltuma ta danna, Suhaila ta danna nata. Ƙofar ƙarama ce, hoto yana shigowa a daddagule, amma murya tana wucewa. Da ƙanwar Kaltuma ta ɗauka a Abeshe ta ce "Yaya?", kukan da matar ta danne tun ranar jana'iza ya ɓalle. Suhaila ta jingina da ƙofa ta danne ta da bayanta, kada sautin ya hau matakala.

Ta ɗauka wannan zai wadatar, amma ina. Ta lura duk lokacin da aka ji taku mai nauyi a matakala, sai Kaltuma ta gyara mayafi ta zauna daidai, ta jawo matashi gefenta. Takun ya wuce, ƙofar waje ta rufe, ta mayar da matashin.

"Inna, wa kike jira? Matar da ta rantse?"

"Yayar mijina ce," in ji Kaltuma. "In na fita takaba ba ta gaishe ni ba, shi ke nan, an nuna wa duniya ni ba matar Adam ba ce. Baƙuwa ce da ta daɗe a gidansu."

Daga ranar Suhaila ta daina tunanin yadda za su jure, ta koma tunanin yadda za ta sauko da Sharifa.

Ba ta daɗe tana nema ba, Nadiya ce ta kawo mata har hannu. Takaba ta kusa ƙarewa sai ga ta ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba, tana murza yatsu. An sa ranar baikonta da wani Rilwanu, ɗan unguwar Aziziyya. Ummi ta ce mutuwa ba ta hana alheri. Matsalar ita ce kakar Rilwanu, wadda ta raine shi, tana can Damagaram, tsufa ya hana ta tafiya. A gidansu kuwa ba a sa wa yarinya zobe sai tsohuwar ta ga fuskarta ta sa albarka. Za a kira ta a bidiyo ranar Juma'a bayan la'asar, a gaban mata.

"Ki koya mini gaisuwar tsofaffi da Hausa mai kyau," in ji Nadiya. "Kada in ji kunya."

Suhaila ta koya mata. Ta gyara mata "ina wuni", ta gyara mata "ya ƙarfin jiki", har ta nuna mata yadda ake rusunawa. Ba ta taɓa yi wa 'yar gwaggonta fara'a irin ta ranar ba.

Juma'a ta zo. Tun azahar ƙamshin turaren wuta yake gangarowa. Motoci suka tsaya, mata suka shigo suna cire abaya a kan matakala, gwala-gwalai suna ƙara. Ba wanda ya gaya wa baƙin akwai mai takaba a bayan rufaffiyar ƙofar ƙasa. Suhaila ta zauna ta jira. Da ta ji guɗar farko, alamar an fito da Nadiya, ta tashi ta ɗauko almakashin ɗinkin uwarta. Ta zare doguwar igiyar da ta hau bene, ta datse kanta, ta ajiye guntun a kan tebur inda kowa zai gani.

"Suhaila! Me kika yi?"

"Ki gyara mayafinki, Inna. Yau za ki yi baƙi."

Guɗa ta mutu a sama. Aka ji ana jan kujeru, ana kiran Tahir. Aka ji gudunsa zuwa saman rufi, inda sabis ke leƙowa ya koma, aka ji dawowarsa. Can ya sauko ya hau dukan ƙofa.

"Suhaila, buɗe! Zan duba akwatin."

Ta buɗe kaɗan, ta tare da jikinta. "Ka manta mai takaba ce a ciki? Kai ba muharraminta ba ne, ya Tahir. Aibu ne."

"Yanzu lokacin wasa ne? Mutane suna jira!"

"Ku fita da amarya gaban baƙala mana. Akwai sabis sosai a can, ni shaida ce. Ta buɗe fuskarta a titi, kaka ta gani."

Ya zage ta da Larabci, ya koma. Sai ga Nadiya cikin doguwar riga mai walƙiya, kwalliya ta fara narkewa. Ita ta shigo. Idonta ya faɗa kan guntun igiyar, ya koma kan kwamfutar da ke kunne, shafi a buɗe.

"Ke kika yanke?"

"Ni na yanke. Gyaransa sai mai gyara, mai gyara kuma namiji ne. Ba zai shigo nan ba sai Inna ta fita takaba."

"Ni me na yi miki, ya Suhaila?"

"Kin wuce ƙofar nan safe da yamma. Matar kawunki tana ciki."

Nadiya ta fashe da kuka. "To ki buɗe mana wayifai daga kwamfutar, na san ana yi."

"Ana yi. Ba zan yi ba. Abin da nake da shi bai wuce ɗakin nan ba. Mai so ya shigo. Ki je ki gaya wa Gwaggo jawwal ɗinki ba zai hau ba sai ta zo ta gaishe da Inna."

Ba a kai ga aika ba. Kukan Nadiya ya riga ya sauko da mata. A gabansu akwai Hajiya Ilham, uwar ango, doguwar mace mai magana a hankali. Ta leƙa ta ga Kaltuma a kan tabarma, ba kwalli, ba turare, ba ɗan kunne. Ta gane nan take.

"Inna lillahi. Takaba ake a gidan nan?" Ta juya ta dubi Sharifa da ke tsaye a ƙarshen matakala. "Hajiya, ba ki gaya mana ba. Muka wuce ta da guɗa?" Ta tuɓe takalmi ta shiga, ta durƙusa ta yi gaisuwa. Matan da suka zo da ita suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har ɗan falon ya cika.

Sharifa ta ƙaraso, ta tsaya daidai dokin ƙofa, yatsun ƙafarta a waje. Fuskarta ta kumbura.

"Ke, mara kunya. Haɗa mata jawwal."

"Bismilla, Gwaggo. Shigo."

"Kin san na rantse."

"Na sani, ai har nan muka ji. Akwai kaffara. Ki ciyar da miskinai, abincin biki ma ya yi yawa a sama."

Wata daga cikin baƙin ta toshe baki da gefen mayafi. Kaltuma ta ce a hankali, "Suhaila, bari." Suhaila ta yi kamar ba ta ji ba. Ta karɓi jawwal ɗin Nadiya, ta kunna bulutut, ta kawo shi kusa da kwamfutar. Lambar ta fito a fuskokin biyu. Ta sa Nadiya ta danna nata. Nata yatsan kuwa ta tsayar da shi a sama, ba ta sauke ba.

"Ubanki zai ji kunyarki a kabari," in ji Sharifa.

"Ubana ne ya huda bangon nan don ki ji daɗi. Matarsa ce wannan."

Hajiya Ilham ta dubi taga, inda rana ta fara ja. "Hajiya Sharifa, ni ban san abin da ke tsakaninku ba. Amma surukata tun ɗazu take zaune an riƙe mata jawwal. In ta gaji ta tashi, ta tashi ke nan. In kuwa ba ta ga yarinya ba, zoben nan a jakata zai koma."

"Ummi," in ji Nadiya. "Ummi, don Allah."

Lambar ta gaji da jira ta ɓace daga fuskar kwamfutar. Suhaila ta sake nemo ta, ba gaggawa, ta sake tsayar da yatsa.

Sharifa ta dubi 'yarta, ta dubi matan Aziziyya da suka zuba mata ido. Ta zare takalmi ɗaya, ta zare ɗayan. Ƙafarta ta taka tabarma. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ta kafa ido a bango wajen farin akwatin, ta ce da sauri, "Allah ya jiƙansa."

"Ba akwatin ne ya yi rashi ba, Gwaggo."

Gwiwoyin Sharifa ba su da lafiya, kowa ya ji ƙararsu da ta sauka ƙasa. Ta zauna gab da Kaltuma, don ba sauran wuri.

"Kaltuma. Ya haƙuri?"

"Da godiya, Yaya."

"Allah ya jiƙan Adam, ya sa ya huta." Muryarta ta karye a kan sunan, amma ta ci gaba. "Allah ya ba ki haƙurin rashin mijinki."

"Amin. Ke ma Allah ya ba ki haƙurin ƙaninki."

Suhaila ta bari amin ɗin matan ya gama zagaya ɗakin, sannan ta sauke yatsa.

Kiran ya shiga. Fuskar tsohuwa ta fito a daddagule, tana tsayawa tana motsi. Hajiya Ilham ta yi mata bayanin inda suke zaune, tsohuwar kuwa ta ce ba za ta dubi amarya ba sai an nuna mata mai takaba. Ta yi wa Kaltuma doguwar addu'a irin ta mutanen da, Sharifa na gefe tana amsa amin dole. Sannan aka matso da Nadiya. Ta rusuna ta ce "ina wuni" daidai yadda aka koya mata. Duk wadda ta ɗaga jawwal ɗin ta nufi ƙofa don neman haske, sai hoton ya daskare, a dawo da shi. A nan aka sa zoben, tsakanin keken ɗinki da kwalayen dabinon da suka rage, ba guɗa, don Hajiya Ilham ta hana.

Kafin kiran magariba mata suka koma sama. Sharifa ta dafa bango ta miƙe, ba ta yarda kowa ya kama ta ba. A bakin ƙofa ta juyo ta yi wa Suhaila kallon da ke cewa ba a gama ba. Suhaila ta riƙe idonta har ita ta fara kawar da kai. Daga nan ta koma kan kwamfutar, ta nemo sunan jawwal ɗin Nadiya, ta goge shi.

Kaltuma tana tattara kofunan ruwan da baƙi suka sha. Ba ta dubi 'yarta ba.

"Kin tozarta babbar mace a gaban surukanta. Gobe za mu wayi gari da ita a gida ɗaya."

"Na sani, Inna."

"Ba haka na raine ki ba."

"Na sani."

Kaltuma ta jera kofunan a faranti, ta ɗauka, ta sake ajiyewa.

"Kin ji daɗi?"

"Na ji," in ji Suhaila.

Uwar ta leƙa ƙofa ta tabbata ba kowa a matakala. Ta rage murya.

"Kin ji ta ce 'mijinki'?"